Sun Cire Sunana Daga Kiɗan Kaka

Litinin, 14 ga Oktoba, da hantsi

A bango na gani. Babu wanda ya kira ni ofis, babu wanda ya buga mini waya. Na fito daga aji zan sayi kofi, sai ga takardar kiɗe-kiɗen kakar bana an manna kusa da injin kofin, ɗalibai sun yi cincirindo a gabanta. Suna ganina suka rusuna suka watse, kowa ya tuna yana da wurin zuwa.

Na karanta daga sama. Masu fiyano, masu goge, ƙungiyar mawaƙa, kowa yana inda ya saba. A ranar rufewa, inda sunana yake zama tun shugaban sashenmu Gu Taesik yana ɗalibi mai ƙuraje a fuska, an rubuta: sanjo a kan gayagum, Pyo Dasom. Sanjo, dogon kiɗanmu na gargajiya da mutum ɗaya yake yi mai ganga yana bin sa, a kan gayagum, dogon abin kiɗa mai tsirkiyoyin siliki da ake kwantarwa a cinya. Ni kuwa an sauko da ni can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, kusa da sunan shagon da ya ba da furanni. "Baƙuwa ta musamman, Farfesa Bong Hyeran."

Baƙuwa! A sashen da na shigo tun babu abin ɗumama ɗaki, muna hura yatsu kafin mu taɓa tsirkiya.

Dasom kuma ɗalibata ce. Tana yarinya uwarta ta kawo mini ita, ko ƙarshen gayagum hannunta ba ya kaiwa. Ni na koya mata zama, ni na koya mata numfashi. Bara aka ɗauke ta koyarwa a nan, da bakina.

Ban sayi kofin ba.

Litinin, da la'asar

Na shiga ofishin Gu ban ƙwanƙwasa ba. Ya miƙe har kujera ta bugi bango.

"Yaya Hyeran, zauna mana. A kawo shayi?"

"Kada ka yayance ni. Wa ya cire sunana?"

"Ba cirewa aka yi ba, Yaya. Karramawa ce."

"Ka taɓa ganin an karrama mutum kusa da mai sayar da fure?"

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Haka yake yi tun yana ɗan aji ɗaya idan bai yi bita ba. Ya ce kwamiti ne ya zauna. Ya ce lokaci ya yi da za a ba matasa dama. Da ya ga ban motsa ba, sai ya rage murya.

"Bayan abin da ya faru a watan Mayu..."

"Me ya faru a watan Mayu?"

"Yaya."

"Zauren yana da sanyi. Sau biyu na ce a kashe na'urar sanyaya ɗakin."

"An kashe ta."

"Ba a kashe da wuri ba."

Ya sake goge tabarau. Sannan ya ce wai wani ne ya zo ya same shi, wani mai ƙaunata, ya roƙe shi kada a sake sa ni a gaban jama'a ni kaɗai. Na ce ya faɗi suna. Ya ce ya yi alkawari.

Ba sai ya faɗa ba. Wa ya ci ribar abin? Sunan wa ke a sama?

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Babu abin da ya faru a watan Mayu. Zauren yana da sanyi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da azahar

Ta zo. Da kwandon kanya, manya jajaye, wai daga gonar kakarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta rusuna har gashinta ya rufe mata fuska.

"Malama, ban san za su sa ni ba. Ni ma a bango na gani."

"To, bango ya yi mana adalci, ya gaya mana tare."

"Zan je in ce ba zan yi ba."

"Ki je mana. Wa ya riƙe ki?"

Ba ta je ba. Tana tsaye tana kallon hannuna. Duk sun koyi wannan yanzu. Ana magana da ni, ido yana ƙasa. Na sa hannun a aljihun riga na ce ta ɗauki kanyarta, ba na cin zaƙi. Ta ajiye a kan teburi ta fita da baya.

Na ba mai share ofis.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma

An buɗe kakar da babbar ƙungiyar makaɗa, Gu yana gaba da sandarsa yana ta iyo a iska. Shugaban jami'a ya yi jawabi ya kira gayagum da sunan wani abin kiɗa daban, aka tafa masa. Masu busa sun shiga a makare sau uku. Babu wanda ya cire sunan kowa.

A wajen shan shayi matar wani malami ta kama hannuna da nata biyu ta ce, "Sannu, Farfesa, kina cikin raina." Wa ya mutu? Na ce mata lafiyata ƙalau, ta kula da jakarta tana zamewa.

'Ya'yan bishiyar ginko sun zube a hanyar mota, na taka, wari ya bi ni har gida. Kowace shekara ana cewa za a share.

Litinin, 21 ga Oktoba, da safe

'Yata Yeri ta bugo daga Busan. Wai ta ɗauki hutu ranar Juma'a, za ta zo mu koma wancan ginin na likitoci.

"Mama, sakamakon ya fito tun watan jiya."

"Ya fito ya zauna. Ina da aji."

"Ba ki da aji ran Juma'a."

"Wa ya gaya miki?"

"Baba Chunbae."

Do Chunbae mai ganga ya zama sakataren gidana ke nan. Shekara talatin da wani abu yana zaune a hagu da ni a kan dandamali, bai taɓa cewa uffan ba sai ta bakin fata, yau shi ne mai ba 'yata rahoto. Zan same shi.

Laraba, 23 ga Oktoba, da azahar

Kwanukan ɗakin cin abincin malamai sabbi ne, santsi gare su kamar sabulu. Kowa zai iya zubar da miya. Ba sai mutum biyar sun taso da tsumma ba, ba kuma sai ɗakin ya yi tsit ba. Wani yaron malamin fiyano har da cewa, "Farfesa, bari in ɗauko miki wani." Na ce ba na jin yunwa.

Da rana na zauna alƙalancin 'yan ajin ƙarshe. Yarinya ta farko ta fizgi tsirkiya da hannun dama tsaf, amma hagun a mace yake. Na gaya mata dama magana kawai yake yi, hagu ne ke sa tsirkiya kuka. Danna, girgiza, saki. Ta ce, "Malama, ko za ki nuna mini?"

Na ce ta tambayi Malama Pyo, tunda ita ce ake yayi.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da yamma

Mun je. Likitan bai kai Yeri shekaru ba. Ya sa na miƙa hannuwa, na taɓa hancina, na yi tafiya a kan layi kamar wadda 'yan sanda suka tsayar. Ya faɗi wata kalma. Yeri ta rubuta a wayarta. Ni ba zan rubuta ba, ba tawa ba ce.

Ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa, sai ya ce, "Kai, abin sha'awa! Ki ci gaba da taɓawa a gida, yana kwantar da hankali."

Taɓawa a gida.

A mota Yeri tana ta share ido tana tuƙi. Na ce ta kalli hanya, in ba haka ba ni da ita duk ba za mu ga Nuwamba ba. Ta saya mini ƙwayoyi da wani ɗan akwati mai ranakun mako a jiki. Ta yi mini miyar kabewa, ta ajiye cokali a gefen kwano, ta ɗauke tsinkayen cin abinci tana tsammanin ban gani ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da rana

Ƙwayoyin nan barci suke sa ni. Ba wani abin da suke yi.

Litinin, 28 ga Oktoba, da hantsi

Na koma wa Gu. Na ce ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Ko ɗan aji ɗaya sai an saurare shi kafin a kayar da shi. Su tara malaman sashe a ƙaramin zaure, in yi musu sanjon daga farko har ƙarshe. Idan akwai aibi, su faɗa mini a fuskata, ba a bango ba.

"Yaya, ba sai an kai ga haka ba."

"An riga an kai."

"Ina jin nauyinki ne."

"Da ka ji nauyina da ka taka zuwa ofishina. Ƙofa uku ce tsakaninmu."

Wannan ta shige shi, na gani. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce Talata ta sama, da rana.

Na fito ina jin kaina kamar mai shekara arba'in. Na sa an canza mini tsirkiya biyu. Na kira Chunbae na ce ya zo da gangarsa ranar Juma'a, kuma ya zo da bakinsa a rufe.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Na yi bita tun fitowar rana. Sashen farko, mai tafiya a hankali, ya tafi daidai. Kusan daidai. Sabuwar tsirkiya sai ta kwana biyu kafin ta zauna, kowa ya san wannan.

Ta bango ina jin Dasom a ɗakinta tana yin sanjona. Nawa. Wanda malamata, Malama Gye, ta ba ni baki da baki a ɗan ɗakinta na Jeonju, tana dukan gwiwata da mafici idan na yi gaggawa. Na rufe taga.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Chunbae ya zo da tsohuwar jakarsa, ya zauna, ya ɗaure ganga, ya ce, "Malama, mu je."

Muka je. Har tsakiyar sashe na biyu. Na tsaya na ce ya yi mini sauri. Muka koma. Na tsaya na ce ya yi mini nawa. Muka koma. A na uku shi ya ajiye sanda.

"Me ya faru?"

"Hyeran."

Bai taɓa kiran sunana kai tsaye ba. Ko ranar da aka binne mijina Malama ya ce.

"Ɗauki sandarka."

"Ba yarinyar nan ba ce ta je wurin Gu. Ni ne."

Na ji kamar an kwara mini ruwan ƙanƙara a baya. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, yana kallona cikin ido, shi kaɗai ne bai kalli ƙasa ba.

"A watan Mayu ni na rufe ki," in ji shi. "Na cika wurin da ganga har mutane suka ɗauka salo ne. Na farko na rufe, na biyu na rufe. Na ukun ban iya ba, kin sani. A Nuwamba zauren zai cika, da 'yan jarida, da masu ɗauka a waya. Ba zan zauna a gefenki ina kallo ba."

"Sai ka zagaya ta bayana."

"Na gwada ta gabanki. Kin ce sanyi ne."

"Sanyi ne!"

"To."

To ɗin nan tasa. Da ina da abin jifa kusa da na jefe shi. Na ce ya fita. Na ce shekara talatin ina tsammanin ina da aboki ashe ɗan leƙen asiri nake ciyarwa. Na faɗi wasu abubuwan kuma, har da maganar kunnensa na hagu da kowa ya san ya fara nauyi. Ya naɗe gangarsa a hankali. A bakin ƙofa ya juyo.

"Talata ƙarfe nawa?"

"Ba da kai ba."

"Wa zai bi ki in ba ni ba?"

Asabar, 2 ga Nuwamba, da safe

Munafuki. Munafuki mai furfura.

Kanyar yarinyar nan kuma na ba mai shara.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da yamma

Na kira masu ganga biyu. Ɗaya yana Seoul, ɗaya wai bayansa yana ciwo. Duk bakinsu ɗaya.

Telan da ya ɗinka mini rigar dandamali ya yi igiyoyin da gajarta. Na yi ta fama, ba su ɗauru ba. Maƙwabciyata ta shigo ta ɗaure mini.

Gobe zan nuna musu.

Talata, 5 ga Nuwamba, da la'asar

Ba zan rubuta komai a kan yau ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da rana

Ban je makaranta ba. Wayata tana ta ƙara, na kife ta.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sun tafa. Na tsaya a tsakiya, hannun yana kan tsirkiya yana abin da ya ga dama, Chunbae, da ya zo ban kira shi ba, ya ci gaba da bugawa shi kaɗai, a hankali, yana jira in dawo. Ya jira, ya jira. Gu yana kallon takalminsa. Da na ɗaga hannu na ajiye a cinya, sai wani ya fara tafi, sauran suka bi.

Tafin me? Da ɗalibi ne ya yi haka da na kore shi ya koma bita. Su faɗa mini ya lalace mana! Na roƙe su su faɗa a fuskata, suka ba ni tafi kamar yarinyar da ta manta waƙa a bikin makarantar reno.

Dasom ce kaɗai ba ta tafa ba. Tana layin baya, ta haɗa hannuwa a cinya, fuskarta jiƙe.

Zauren ba sanyi.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da azahar

Na koma aji saboda yara suna da jarrabawa, ba don kowa ba. An ajiye mini kwalbar zuma a bakin ƙofa ba suna. Na san murfin, daga ƙauyen matar Chunbae ne. Tana nan inda na same ta.

Dasom tana ta yi ta bango. Ta kai ƙulli, wato rufewar sanjon, inda gudu yake tsayawa cak tsirkiya ta sauko a hankali. Wannan wurin ban taɓa koya mata ba. Ban koya wa kowa ba. Malama Gye sai da na kai arba'in ta ba ni, ni ma na ce akwai lokaci. Yarinyar daga faifaina take kwaikwayo. Tana jin sautin, ba ta ganin abin da yatsa yake yi. Tana girgiza inda ya kamata ta danne ta yi shiru.

Ba ruwana. Su suka zaɓe ta.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Ta sake yi. Kuskure ɗaya, wuri ɗaya, tun da na shigo. Kamar ana goga mini ƙarfe a haƙori.

Ba ruwana.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da la'asar

Na banka ƙofarta har gayagum ɗin ya kusa zamewa daga cinyarta.

"Ke! Wa kike son kashewa, ni ko Malama Gye da ke kabari?"

"Malama..."

"Wa ya ce ki girgiza a nan? Makoki kike ko rawar biki?"

"A faifai haka na ji."

"Faifai yana da yatsa? Matsa."

Ta matsa. Na durƙusa, na kai hannu kan tsirkiya, na tuna. Muka tsaya ni da ita muna kallonsa. Bai ɓoye kansa ba, yana ta karkarwa a fili.

Na janye. Na ce ta koma wurinta. Na ce ta buɗe kunne, da baki zan ba ta, yadda aka ba ni. Na rera mata: dang, jiii, dong. Muryata ta tsufa amma ba ta kauce ba. Ta bi. Ba daidai ba. Na doki gwiwarta da takardar jarrabawa da ke hannuna. Ta sake. Na kama yatsanta na tsakiya da hannuna na dama, na danna shi a kan tsirkiya, na riƙe, na riƙe, sannan na saki.

Sautin ya fito. Tun watan Afrilu ban ji shi a raye ba.

Ta fashe da kuka. Na ce ta share hanci, siliki ba ya son gishiri.

"Malama, na je wurin Shugaba Gu tun ranar nan na ce ba zan yi ba. Ya ce in ban yi ba za a cire sanjon gaba ɗaya a sa fiyano."

"Fiyano?"

"Wallahi."

"A ranar rufewa? To ki zauna da kyau. Daga farkon ƙulli."

Ban ba ta haƙuri a kan kanyar ba. Na tambaye ta ko kakarta tana da saura. Ta ce gobe.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da yamma

Kullum muna yi, daga tashin aji har hasken taga ya tafi. Tana da gaggawa a jini, duk 'yan zamaninta haka suke, kamar jirgi zai tashi ya bar su. Amma hagunta yana da ji. Ba zan gaya mata ba.

Jiya dole aka kira mai ganga, wato Chunbae. Ya shigo ya rusuna, na kalli taga. Duk abin da zan faɗa masa ta bakin Dasom nake faɗa.

"Ki gaya wa mai gangarki ya sassauta a nan."

"Ki gaya wa Malamarki na ji," in ji shi, "da kunnen dama."

Dasom ta cije leɓe. Ni ban ga abin dariya ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Sakatariyar sashe ta zo tana murmushi, wai wane irin fure na fi so. Na ce na me? Ta ce na ranar Asabar, Shugaba zai yi ɗan jawabi a kaina. Na ce jawabin me? Ta ce ita dai fure aka aiko ta.

Ƙofa uku. Har yau bai koyi takowa ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da safe

Jiya ne. Zauren ya cika har da na tsaye. An ajiye mini kujera a layin gaba da farin ƙyalle a kanta, na wuce na zauna a tsakiya kusa da Yeri, inda ake jin sauti.

Dasom ta fito cikin shuɗiyar riga, fuskarta fara fat. Chunbae ya buga na farko, ta shiga. Sashen farko ta riƙe shi da kyau. A na uku ta yi gudu, na ji Chunbae yana ja mata linzami, ta dawo. Da ta kai ƙulli na daina numfashi. Ta danna. Ta riƙe. Na ce a raina, kada ki saki, kada ki saki tukuna. Ba ta saki ba sai da zauren ya yi shirun da har ƙarar fitilu ake ji. Sannan ta saki.

Yeri ta ce na matse mata hannu har ya yi shaida. Ban sani ba.

Bayan tafi ya lafa Gu ya hau da takardarsa ya kira ni. Na hau. Ya miƙo mini furanni, wani ƙaton dami naɗe da takarda mai ƙara, na karɓa da hannu biyu. Ya fara karantawa. Shekaru masu yawa na hidima. Uwa ga sashe. Sai na ji, "...a yayin da take shirin ajiye aiki ta huta..."

Wa ya tambaye ni?

Ina tsaye daf da makirufo. Takardar furen ta fara kacau-kacau, lasifika ta ɗauka ta watsa wa zauren duka. Gu ya ɗaga murya don ya rufe, abin ya fi ƙarfinsa. Na ga kawuna suna sunkuyawa layi-layi. Na ga Dasom ta yunƙuro za ta karɓi furen. Na girgiza mata kai.

Na matsa na ce wa Gu, "Ba ni wuri."

Na ce, "Kun ji wannan ƙarar? Hannuna ne. Ciwo gare shi, ba zai warke ba, ba zan sake kaɗa gayagum a gabanku ba. To kun ji daga bakina, sai ku ɗaga kai ku kalle ni."

Suka ɗaga.

"Amma Shugaba ya yi kuskure a takardarsa. Ban ajiye aiki ba. Ina da aji ranar Litinin, kuma yarinyar nan ta yi gudu a sashe na uku."

Wani tsoho a baya ya fara dariya, zauren ya ɗauka. Gu ya tsaya da takarda a hannu, ja har wuya. Sai ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya rusuna mini, irin rusunawar da ɗalibi yake yi, ya daɗe bai ɗago ba. A bayan dandamali ya ce, "Yaya, na yi laifi. Tsoron fuskarki nake ji." Na ce ya ci gaba da ji, amma ya riƙa zuwa da tsoron nasa har ofis.

Na sauko. A ƙasan matakala Chunbae yana tsaye da gangarsa a kafaɗa. Ya miƙo hannu na ƙi. Ya bar shi a miƙe. Mutane suna wucewa suna kallo, tsoho ya tsaya kamar mai bara. Na ɗora masa furannin a kai.

"Riƙe. Sun ishe ni."

"Malama ta yi magana da ni ke nan?"

"Da furen nake."

"To ki gaya wa furen matata ta dafa miyar kaza, ta ce in ban zo da ke ba kada in dawo."

Mun je, da Yeri da Dasom. Matarsa ta ajiye mini cokali da tsinkaye duka biyu, ba ta zaɓa mini ba. Na ɗauki tsinkaye. Naman farko ya faɗi a teburi. Chunbae ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Wannan ya lalace, sake."

Na sake. Har yanzu ban yafe masa ba, na kuma gaya masa. Ya ce ba gaggawa, ya saba jirana.